Kawu Kar-ka-motsa da Hoton Gwaji

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai ɗaukar hoto ne. A gida Kawu muke ce masa, amma daga tashar mota har ƙauyukan bakin kogi ba wanda ya san shi da wani suna sai Kar-ka-motsa, domin abin da yake faɗa ke nan duk lokacin da ya kai ido jikin kyamara. Masu tsokana sun ce har akuya ya taɓa gaya wa haka, kuma wai ta tsaya.

Shagonsa a birni ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin tela da mai gyaran waya. A bangon ciki akwai labule mai zanen gidan bene da jirgin sama yana wucewa ta kansa, fentin ya koɗe har jirgin ya fi kama da kifi. Rabin unguwarmu a gaban wannan benen suka yi hoton aure da na makaranta. Da wayoyi masu kyamara suka cika hannun mutane, sai gizo-gizo ya fara saƙa a kujerar shagon. Kawu bai zauna zagin zamani ba. Ya lura cewa manomi, ko yana da waya, bai ɗauki abin da ke cikin gilashi a bakin hoto ba. A wurinsa hoto shi ne wanda za a riƙe a hannu, a rataya a bango, a nuna wa jika. Sai Kawu ya rataya jaka ya shiga motar ƙauye. A wannan zuwan ya ɗauka, a zuwa na gaba ya kawo a wanke, ya danƙa wa kowa nasa hannu da hannu.

Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, aiki bai samu da wuri ba, sai na roƙe shi in riƙa bin sa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Baturiya, motar nan ba ta da na'urar sanyi," ya ce. "Kuma wani lokaci kaza ce maƙwabciyarki."

Na ce na yarda. Kazar kuwa ta samu, har da bunsuru a ƙarƙashin kujera. Mota ɗaya muke shiga kullum, wata tsohuwar bas mai ƙofa ɗaure da igiya, direbanta mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. In kwalta ta ƙare aka hau hanyar burji, Kawu sai ya rungume jakarsa a ƙirji kamar jariri, Direba kuma ya ce masa, "To, kar ka motsa," a daidai lokacin da rami ke jefa mu sama.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kayan cikin jakar. Kyamara ɗaya ce, sauran duk madubi ne, da matsefi, da sabulu, da burushin takalmi, da allura da zare. Ƙa'idar Kawu ita ce ba ya ɗaukar manomi da kayan gona. Sai mutum ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita, an gyara masa zaman hula.

"Mutum ya shekara a sunkuye," in ji shi, "ba ni zan rataya shi a bangon ɗakinsa a sunkuye ba."

Amma akwai abu guda. Kyamarar tsohuwa ce, ma'aunin haskenta ya daɗe da daina faɗin gaskiya. Saboda haka da ya isa wuri, tun kafin mutum ya shirya, yakan ɗaga ta ya danna sau ɗaya ya duba ko hasken ya yi. Hoton gwaji yake ce masa. Ba ya wanke shi, ba ya nuna wa kowa, in katin kyamarar ya cika ya goge. Mutane sun san da wannan, har sukan ce, "Ga shi ya fara satarsa." Ba wanda ya damu, domin ba a taɓa ganin inda hoton gwaji ya fito ba.

A ƙauye na ƙarshe, inda bas ke juyawa, akwai wani dattijo da ake kira Mai Albasa. Dogo ne, gajeren magana. Abin da aka san shi da shi, bai taɓa zuba takin buhu a gonarsa ba. A bayan gidansa yake da jujin taki, kashin shanu da toka da busasshen ganye, yana juya shi yana yayyafa masa ruwa. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, takan ce da jujin nan zai iya dafa abinci da tuni an sallame ta. 'Yan kasuwar birni kuwa har gida suke biyo albasarsa, don sun ce ita ce ke daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba.

Safiyar da muka je masa, mun tarar da shi yana fitowa daga ban ruwa, laka har gwiwa, riga ta yage a kafaɗa, fartanya a wuya. Rana ta soke masa ido ya yamutsa fuska. Kawu ya ɗaga kyamara ya danna.

"Ɓarawo," in ji Mai Albasa, bai ko tsaya ba.

Ya shiga gida ya yi wanka, ya fito da wata shuɗiyar riga mai aikin zare a wuya. Inna ce ta raɗa mini cewa ƙanensa tela ne ya ɗinka masa ita, kuma ita ce ɗinkinsa na ƙarshe kafin ya rasu. Kawu ya tsayar da shi kusa da tulin albasa, ya gyara masa hula, ya ja da baya.

"Kar ka motsa."

"Ina zan je?"

"Ka ɗan yi murmushi mana, tsoho," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Ba kotu aka kawo ka ba."

Ya yi, kaɗan. Hoton ya fito da kyau ƙwarai.

A makon ne wani saurayi mai sa kwat ya zo shago daga wani kamfanin takin zamani. Ya ce sun ji labarin Kawu, suna son hotunan ƙananan manoma don kalandarsu ta sabuwar shekara. Kawu ya ji daɗi har kunne. A zuwa na gaba ya bi gida gida yana tambaya, kowa ya ce to, wa zai ƙi a rataya shi a ofis. Mai Albasa ya ce shi bai san takinsu ba, amma in don a ga rigar ce, a sa. Ranar da saurayin ya dawo, Kawu, wanda bai saba da kwamfuta ba, ya zare katin gaba ɗaya ya miƙa masa, ya ce ya kwafi masu kyau. Saurayin ya kwashe komai.

Kalanda dai ba mu gan ta ba. Abin da muka gani, wata safiya da muka shigo tasha, allon talla ne mai faɗin bangon gida, an kafa shi daidai inda motocin ƙauye ke sauke kaya. A ɓangare ɗaya ga Mai Albasa da laka da yagaggiyar riga da yamutsattsiyar fuska, an ma rage wa hoton launi ya yi toka-toka. A ƙasansa an rubuta KAFIN. A ɗaya ɓangaren ga shi cikin shuɗiyar riga kusa da tulin albasa, an rubuta BAYAN. A tsakiya buhun takin kamfanin ne yana ƙyalli.

Kawu ya tsaya cak. Masu dako suna ce masa ya ba da hanya, bai ji ba.

"Kar-ka-motsa, ka yi suna," in ji Direba yana ɗaure kaya. "Jiya na ɗauko mutumin naka. Na ce masa, Malam Kafin, gaba za ka zauna ko baya? Mota duk ta kwashe da dariya."

"Shi me ya ce?"

"Shi? Ya dai daɗe yana kallon sama."

A can inda na yi karatu na sha ganin irin waɗannan fuskoki a jikin motocin haya, babu suna, sai kalma ɗaya a ƙasa. Aƙalla can masu fuskar ba sa biyowa ta ƙarƙashinsu da buhunan albasa. Nan kuwa duk wanda ya fito daga ƙauyukan kogi, da mai zuwa asibiti da mai kawo kaya kasuwa, a gindin allon nan yake sauka, kuma kowa ya san ko wane ne.

A ranar mun bi ƙauye uku, ba wanda ya tsaya gaban kyamara. Ba a yi mana rashin kunya ba. An gaisa, an tambayi hanya da iyali, amma da Kawu ya taɓa jaka sai kowa ya tuna da wani aiki. Wata mata da ta daɗe tana jiran a ɗauke ta da jikokinta ta ja su cikin gida ta saki labule. Wani matashi ya ce, "Kawu, ni ɗauke ni Bayan kawai, Kafin ɗin ka bar shi," abokansa suka yi dariya, amma shi ma bai tsaya ba.

A gidan Mai Albasa, inda muka kai masa hotonsa na shuɗiyar riga, Inna ta kawo mini ruwa ta shimfiɗa mini tabarma. Kawu kuwa ta bar shi a tsaye.

"Yana gona," ta ce. "Ya ce in ka zo ka koma da hotonka."

"Inna, nasa ne. A firam na sa masa."

"Ai ya gan shi. Ƙato ma ya gani." Ta juyo gare ni. "'Yata, kin san abin da 'yan kasuwa ke cewa yanzu? Wai ashe duk shekarun nan da dare yake zuba takin buhu, da rana yana yi wa mutane wa'azin kashin shanu. Har yaran makaranta in sun gan shi sai su ce ga Kafin, in sun gan ni su ce ga Bayan. Mutumin da ko a faɗa ba a taɓa jin muryarsa ba."

A hanyar dawowa firam ɗin na kife a cinyar Kawu. Sana'arsa duk a kan abu ɗaya ta tsaya, cewa mutum zai tsaya a gabansa ya ba shi fuskarsa, ya tabbata hannunsa za ta dawo. In wannan ya tafi, sai dai ya koma ya zauna da gizo-gizo.

Washegari ya sa rigarsa mafi kyau, muka tafi kamfanin. An ajiye mu a wani ɗaki mai sanyi da kujerun roba har rana ta take, sannan aka shigar da mu wurin manajan talla. Mutum ne mai fara'a, ya tashi ya ba Kawu hannu biyu, ya sa aka kawo mana lemo. A bangon bayansa ga ƙaramin kwafin allon.

"Baba, aikinka ne ya fi kowanne tafiya a bana," ya ce. "Wannan fuskar, ko ɗan wasa muka ɗauka ba zai yi ta ba."

"Kalanda aka ce mini."

"An canza shawara daga sama."

"Wancan na hagu hoton gwaji ne. Ba a fitar da shi."

"Ai shi ya fi rai, Baba. Kuma dubi, ba mu rubuta sunansa ba."

"A garinsu fuskarsa ce sunansa," in ji Kawu. "Kuma mutumin nan bai taɓa taɓa buhunku ba. Tsakanin hotunan nan biyu babu komai sai bokitin ruwa da sabulu."

Manaja ya yi dariya har da buga tebur.

"Ashe sabulu ya kamata mu tallata." Ya share ido. "Baba, talla ce fa. Kowa ya san talla. Wa yake ɗaukarta da gaske?"

Na tambaye shi, in ba wanda ke ɗaukarta da gaske, me ya sa aka kafa ta da faɗin gida. Ya yi mini murmushi ya ce daga jin maganata a waje na yi karatu, kuma kamfani na neman irina. Ya ce sauke allo ba a hannunsa yake ba, an riga an kama wurin har bayan girbi. Amma don ya nuna ba su manta da manomi ba, zai sa a ba dattijon buhun taki kyauta, har ma a kai masa gida da motar kamfani, a ɗauki hoton miƙawa.

"Wa zai ɗauka?" in ji Kawu.

"Kai mana, Baba. Wa ya fi ka saninsa?"

Kawu ya miƙe. Lemonsa na nan bai buɗe ba. A bakin ƙofa manajan ya kira shi, ya ce in yana da wasu irin na hagun, na mata musamman, ya kawo. Da gaske yake, ba da gatse ba. Har yau in na tuna, wannan ne ke tafasa mini zuciya fiye da dariyar.

Na ɗauka Kawu zai bar zuwa ƙauye. A ranar motar da ta biyo baya sai ga shi a ƙofar gidanmu da jakarsa. Ba mu tsaya ko'ina ba sai ƙarshen hanya. Bai bi ta gida ba, ya miƙe bayan katanga, inda muka tarar da Mai Albasa tsaye a kan jujinsa yana juya taki da shebur. Kawu ya cire takalmi, ya durƙusa a nan cikin warin.

"Yaya, na je wurinsu. Sun ƙi saukewa. Wai za su aiko maka da buhu."

"Su aiko. Akwai rami a hanyar shanu."

"Laifina ne. Ni na ɗauke ka da datti, ni na bari duniya ta gani. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa fitar da manomi da datti ba."

Mai Albasa ya kafe shebur ɗin, ya sauko.

"Datti?" ya ce. "Laka ce. Da ita na aurar da 'ya'yana. Kai ne kullum kake jin kunyarta, kana bin mu da sabulu kamar masu jego. Muna ƙyale ka ne don kana da kirki."

Kawu ya ɗago kai.

"Ni ba lakar ce ta hana ni barci ba," in ji Mai Albasa, "kalmar ce. Kafin. Kafin me? Tun ban yi gemu ba nake cikin gonar nan, ubana ma a cikinta ya tsufa. Sai wani yaro ya zauna a ɗakin sanyi ya ce duk wannan kafin ne, ba a ma fara ba sai da ya zo da buhunsa." Ya tofar da yawu gefe. "Ɗayan kuma ya fi ciwo. Rigar da ƙanena ya ɗinka yana tari, allura na faɗuwa daga hannunsa, an rubuta a ƙasanta wai su suka saya mini."

Inna ta leƙo ta kan katanga, ta ga mijinta, ta ga Kawu a durƙushe, ba ta koma ba.

"Kyamarar na nan?" in ji Mai Albasa.

"Tana nan."

"Fito da ita. A nan za ka ɗauke ni, a kan jujin nan, yadda nake. Amma sau ɗaya za ka danna, kuma sai na ce."

"Yaya, hasken fa. In ban gwada ba—"

"Ka gama gwaji a kaina."

Ya koma saman jujin, ya riƙe shebur, taki har idon sawu. Na ga hannun Kawu ya nufi jaka wajen madubi, ya fasa. Ya kai ido jikin kyamara, bakinsa ya buɗe don ya faɗi abin da ya saba, sai ya rufe.

"Faɗi mana," in ji Inna daga katanga. "In ba ka faɗa ba ai ba hoto ba ne."

"Kar ka motsa," in ji Kawu.

"Ina zan je? Danna."

Hoton bai yi kyau ba. Sama ta yi fari fat, hula ta jefa inuwa a rabin fuskar. Kawu ya ce tun yana ɗan koyo bai yi mummunan aiki irinsa ba. Mai Albasa ya sa ya wanke biyu. Ɗaya ya rataya a ɗakinsa kusa da na shuɗiyar rigar, wanda a ƙarshe ya karɓa. Ɗayan, babba, ya kai wa Direba da kansa.

"Kai ka raɗa mini sunan, kai za ka ɗauke ni," ya ce. "Manna shi a gilashin baya."

Direba ya sosa ƙeya. "Me za a rubuta a ƙasa, Baba?"

"Kar a rubuta komai."

Allon yana nan a tasha har yanzu. Girbi ya wuce, ba a sauke shi ba, sai dai ruwan sama ya fara ɗaye buhun tsakiya. Sunan ma bai mutu duka ba, akwai 'yan kasuwar da har gobe ba su yarda da jujin ba. Bas ɗin Direba kuwa a gindin allon take lodi, saboda haka duk wanda ya ɗaga kai ya ga mutum biyu, in ya sauke ido zai ga na uku.

A zuwanmu na bayan nan, matar nan mai jikoki ta tare mu a bakin hanya. Ta jera su sun sha wanka, ta tsaya a tsakiya, ta nuna Kawu da yatsa.

"Sau ɗaya," ta ce. "Kuma ka juyo da ita in gani."

Ya danna, ya juya mata kyamarar. Ta daɗe tana dubawa, ta sa shi ya matsa hotunan ciki gaba da baya don ta tabbata babu wani a ɓoye. Sannan ta ce ƙaramin ya rufe ido, a sake.